Tafin Yashin Kaka Tsayau

Da sunan Mai mayar da tudu kwari, Mai mayar da kwari tudu, wanda ba Ya neman shawarar kowa kafin Ya juya al'amari. Ni ne Cindo ɗan Jatau, maƙerin fari mai zubin tagulla, mai yatsa shida a hannun dama. Na taka ƙasashen da ba su da suna a bakin fatake, na sha ruwan rijiyoyin da ba a san wanda ya haƙa su ba, na zauna da masu hankali na kwana da wawaye. Amma wautar da aka naɗa wa rawani aka buga mata tambari, ban gan ta ba sai a Birnin Tabbata. Ku gyara zama ku ji yadda ta ci mini ƙafar ɗan'uwana.

Neman sanin zubi ne ya fitar da ni daga gida. Na gaji da zuba munduwa da ƙararrawa, sai na ji labarin wani gida can bayan faɗuwar rana inda ake zuba yumɓu a mazubi, abin da aka zuba ya miƙe ya yi tafiya da ƙafafunsa. Yayana Korau, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ba ya son tafiya ko ta kasuwar ƙauye ce. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, da ya ga na ɗaure kaya sai ya ɗauko sandarsa ya ce ba zai bar ni in je in mutu inda babu mai yi mini sutura ba.

Muka ratsa Dajin Madubi, inda kowane ganye ke nuna wa mutum fuskarsa ta tsufa har ya tsaya kallo yunwa ta kashe shi. Muka fita ta hanyar ɗaure idanu da rawani muna bin kukan jakinmu. Muka bi ta garin masu sayen inuwa, suka kewaye mu suna taya tamu, muka yi ta ja musu ciniki har rana ta take tsaka inuwar ta shige ƙarƙashin ƙafa, muka ce ai hajar ta ƙare, muka wuce suna ta laluben ƙasa. Duk wannan wasa ne. A Kwarin Gishiri ne wasa ya ƙare, ranar da wata farar kububuwa ta taso mini daga ƙarƙashin dutse, Yaya Korau ya ture ni gefe, ta same shi a idon sawu.

Na ɗaure ƙafar tamau, na tsotse abin da zan iya. Masu haƙar gishiri suka duba suka girgiza kai. Suka ce dafin wannan macijiya ba ya gaggawa, hawa yake yi a hankali, baƙin zane yana bin jijiya, ranar da ya kai ciki kuwa sai a haƙa kabari. Mutum ɗaya ce ta iya zare shi, wata tsohuwa da ake kira Gwoggo Tabawa, a Tungar Rimi, tsallaken Filin Juyau. Hanyar Filin kuma ɗaya ce, ta cikin Birnin Tabbata.

Shi Filin Juyau, ku sani, ba ya kwana da kamar da ya wuni da ita. Yau ka gan shi rairayi iyakar ganinka, gobe ka tarar da shi ruwa mai zurfi, jibi laka mai haɗiye doki da mahayinsa. Ba boka ba malami, babu mai sanin yadda zai wayi gari sai wanda ya je bakinsa da safe ya duba da idonsa.

Muka isa birnin da hantsi, Yaya a kan jaki, baƙin zanen yana ƙasan ƙwauri. Muka tarar gari ya fito bakin Fili, ana ta kiɗa. Ranar laka ce, baƙa ƙirin, tana tafasa kamar talge. Ga wani attajiri cikin riga mai aiki a kan wani jan raƙumi na yumɓu, yana ɗaga wa jama'a hannu. Sanƙiran gari, wani dogo mai suna Hankurau, yana ta kwarara masa kirari. Attajirin ya ce wa raƙumin, "Ɗauka ka kai!" Raƙumi ya taka laka. Bai yi nisan jifa ba ƙafafun suka nutse, sai ciki, sai tozo. Mutumin bai yi ihu ba, bai waiwayo ba, hularsa kawai ta rage tana yawo a sama.

Na zaci za a fasa kuka. Sai na ji guɗa. Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, "Bai sauya ba! Bai sauya ba!" Aka kawo dutse aka ɗora a kan wani tsibin duwatsu da ya fi ganuwar garin tsawo, ɗan mamacin yana karɓar barka yana washe baki.

Na ja hannun Hankurau na ce, "Malam, me ya sa ya shiga laka da raƙumi?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai baƙo ne, ko? Jiya ya yanke magana ya ce raƙumi. So kake ya wayi gari ya ce wani abu dabam, kamar mace mai zaɓen zane?"

Wannan shi ne Birnin Tabbata. Abin kunya a wurinsu ba sata ba ce, ba ƙarya ba ce, a ce mutum ya dubi hali ya sake shawara. Na ga mai shan miya da ƙuda a ciki saboda ya riga ya ce miyar ta yi daɗi.

Na bar Yaya a inuwa na ruga Gidan Zubi, gidan da na bar garinmu dominsa. Na shiga na ɗaga kai. Can sama ga wata tukunya da ta kai girman rumbu, cike da yumɓu mai ɗumi wanda ba ya ƙarewa. Daga gindinta indararo ya fito, mai juyawa ko'ina. A ƙasa mazubai ne jere a kewaye, kowanne ya kai ɗaki: na raƙumi, na kififiya, na zalɓe mai dogayen ƙafafu da faffaɗan tafi, da wasu da ban san ko na mene ne ba. Na raƙumi kaɗai ke ƙyalli don yawan aiki. Sauran duk yanar gizo ta rufe bakinsu, a cikin na zalɓe ma wata kaza ce ke kwanci.

Mai kula da gidan, Sarkin Zubi Barmo, ƙato ne mai tumbi da gemu shafe da turare. Da ya ji ni maƙeri ne sai ya shiga nuna mini kayan gadonsa yana hura hanci. Ya kai ni gaban wani kasko na tagulla mai ƙananan huji a gindi, a ɗore kan wani hannu irin na ma'auni. A cikin kaskon akwai tafi guda na yashi, an kifa masa murfin gilashi, an kewaye shi da furanni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kaskon fa?"

Ya ce, "Shi ke juya indararo. Mutanen farko da suka gina gidan nan, Allah Ya jiƙansu, masu raunin zuciya ne. Ba sa iya yanke magana sai sun leƙa Fili. Matafiyi ya je da safe ya ɗebo tafi guda na abin da ya tarar, ya zuba a nan. In yashi ne, ya zauna a kasko, nauyinsa ya kai indararo kan raƙumi. In ruwa ne, ya zurare ta hujin nan ya cika kofin da ke ƙasa, kofin ya rinjayi kasko ya ja indararo kan kififiya. In laka ce ta toshe hujin, a sami zalɓe. Kowace dabba ta fito, kalma ɗaya take ji, ɗauka ka kai, ta kai mutum tsallake ta koma ƙasa."

Na zaci sirrin ya ɓace musu ne, in tuna musu su gode mini. Ashe sun sani sarai, har yara suna haddace shi.

Na ce, "To me ya hana a yi hakan?"

Ya ɗaga gemu ya ce, "Kaka Tsayau, wanda ya kafa mana mutunci. Shi ya ga rashin kyan a ce mai gemu yana tambayar ƙasa abin da zai hau. Ranar da ya zo Fili rairayi ne. Ya ɗebo da hannunsa mai albarka ya zuba, ya ce an gama. Ga shi nan har yau ko ƙwaya ba ta ragu ba."

"Ranar laka fa, ranka ya daɗe? Ranar ruwa fa?"

"Wannan laifin Fili ne. Shi ne marar magana ɗaya, ba mu ba."

Na haɗiye abin da ya taso mini, don ina da buƙata. Na durƙusa na ce ɗan'uwana na kwance dafi na hawa, a taimaka a ɗaga gilashin nan sau ɗaya, in kawo tafin laka, zalɓe ya tsallakar da mu yau ɗin nan. Na ce zan ba shi jakina, da kayan ƙirata, da shekarun da ya ga dama ina yi masa bauta. Ya saurare ni har na gama, yana sakace haƙori.

Ya ce, "Baƙo, ba a zuba wa kowa a gidan nan sai maganarsa ta kwana. Ka tsaya a bakin ƙofa gaban jama'a ka faɗi abin da za ka hau, gobe a zuba maka. In abin da ya fito ya saɓa da abin da ka faɗa, kai maƙaryaci ne, a jefa ka Fili da ƙafa. In ya dace, ko Sarki bai isa ya tare ka ba. Gilashi kuwa ana ɗaga shi ne kawai don matafiyi ya sunkuya ya gai da yashin Kaka kafin a zuba."

Na koma wurin Yaya. Zanen ya wuce ƙwauri. Na gaya masa duk yadda muka yi, ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "Cindo, ka ce raƙumi mana. Wa ya sani, ko gobe rairayi ne."

Na ce, "Yaya, ban ɗauko ka daga Kwarin Gishiri don in yi caca da kai ba."

Da la'asar na tsaya a ƙofar Gidan Zubi, Hankurau ya tara mutane. Ya ce, "Baƙo, me za ka hau?"

Na ɗaga murya na ce, "Ni Cindo ɗan Jatau, da ni da yayana, za mu hau abin da ya dace da yadda Fili ya wayi gari gobe. Maganata ke nan, ba kuwa zan sauya ta ba."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Wani tsoho ya ce wannan ba magana ba ce, zamewa ce. Wani ya ce ai guda ɗaya ce, kuma ya rantse ba zai sauya ba, me ake nema kuma? Suka yi ta musu kamar za su dambace, don a garin babu wanda ya taɓa janye ra'ayinsa. Barmo ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi. Raƙumi ne zai fito. In gobe rairayi ne ya ci sa'a, in ba haka ba ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa."

Gari na wayewa na tafi bakin Fili. Ruwa ne, shuɗi, ba a ganin ƙarshensa, igiya na dukan ganuwa. Na kwance rawanina, dogo ne na saƙi mai shan ruwa, na tsoma shi har ya ƙoshi, na naɗa shi a kai da nauyinsa, na ɗora busasshen mayafi a sama. Ruwa na bin ƙeyata yana gangarowa cikin riga, na ce wa masu kallo zufar fargaba ce. Suka ji daɗi, don suna son ganin baƙo na tsoro.

Aka kawo Yaya a kan jaki, ba ya gane mutane sosai. Zanen ya haye gwiwa. Da jiya aka bar mu muka tafi, da bai kai nan ba, wannan kuwa ban yafe ba har gobe.

Gidan Zubi ya cika maƙil. Barmo ya wanke hannu da ruwan turare, ya ɗaga gilashin a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ya ce in gai da Kaka. Na sunkuya har rawanina ya shiga kaskon, na fasa wani irin kuka da ko a makokin ubana ban yi ba. Na ce, "Wayyo Kaka Tsayau! Wayyo mai magana ɗaya! Ina ma na zo duniya a zamaninka!" Na kama kaina da hannu biyu kamar wanda baƙin ciki zai fasa wa kwanya, na matse rawanin nan da duk ƙarfin da maƙera ta ba ni. Yatsana na shida bai taɓa yi mini amfani irin na ranar ba.

Ruwa ya kwarara cikin yashin, ya zurare ta hujin. Na ji kofin ƙasa yana cika, na ƙara kuka don in rufe ƙararsa. Mata har sun fara taya ni.

Sai wani abu ya yi ƙara a sama, ƙarar ƙarfen da ya shekara aru-aru bai motsa ba. Tsatsa ta zubo. Indararo ya baro kan raƙumi, ya wuce mazubin zalɓe, kazar nan ta tashi da kyarkyara, ya tsaya cak a kan mazubin kififiya. Yumɓu ya malalo. Kafin mutane su rufe baki mazubin ya buɗe, wata kififiya mai faɗin daɓen masussuka ta fito tana sheƙi, ta miƙa wuya tana jiran umarni.

Barmo ba wawa ba ne irin sauran, shi tasa wautar da gangan yake yi. Ya dubi rawanina da ya warware yana ɗiga, ya dubi jama'a da suka fara faɗuwa ƙasa suna cewa Kaka ya amsa hawayen baƙo. Na ga maganar ta zo masa har maƙogwaro, ya auna ta, ya haɗiye. Ya juya ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku shaida! Maganar baƙo ta dace. A buɗe masa hanya!"

Ban jira guɗa ba. Na ɗora Yaya a bayan kififiya, na hau na rungume shi, na ce, "Ɗauka ka kai!" Ta fita ta ƙofar Fili ta faɗa ruwa, ta riƙa yanka shi kamar wuƙa a cikin kabewa. Na bar musu jakin, Allah Ya ba shi haƙurin zama da su.

Rana na karkata muka isa Tungar Rimi. Kififiya ta sauke mu a gaɓa ta ruguje ta zama tsibin ƙasa. Na saɓa Yaya a kafaɗa har bukkar Gwoggo Tabawa, wata 'yar tsohuwa mai idanu kamar na shaho. Ta yaga wandon ta bi zanen da yatsa har tsakiyar cinya, ta yi tsaki.

Ta ce, "Ɗan nan, ina kuka tsaya? Da jiya kuka zo da na zare shi da ganye kawai. Yanzu ran zan iya ceto maka, ƙafar kam ta riga ta mutu."

Ni na riƙe shi aka yanke. Mutumin da ya goya ni ina yaro, wanda ya baro gonarsa don kada in mutu ni kaɗai, na danne kafaɗunsa yana kiran sunan mahaifiyarmu. Kukan da na yi a nan ba na rawani ba ne.

Ya rayu. Muka zauna a Tunga yana jinya, na sassaƙa masa sanda mai mariƙin tagulla, ya fara koyon takawa. A nan ma akwai gidan zubi irin wancan, ƙarami, kaskonsa a buɗe, kowa ya ɗebo abin da ya gani da safe ya zuba ya yi tafiyarsa. A nan na koyi abin da na fito nema, ba kiɗa ba kirari.

Wata safiya Fili ya wayi gari rairayi mai zafi, ya kuma wuni haka. Wajen la'asar muka hango wani abu yana rarrafowa. Mutum ne, leɓɓansa sun tsage, gwiwoyinsa sun saɓule, yana jan wata jaka. Da aka ba shi ruwa ya farfaɗo sai na gane Hankurau sanƙira.

Na ce, "Kai da ke da raƙuma fiye da kowa a duniya, me ya sa ka ratso rairayi da rarrafe?"

Ya gyara zama da sauran taƙamar da ta rage masa, ya ce, "Raƙumi kuma? Ai an wuce wannan zamanin. Tun ranar da ka tafi Sarkin Zubi ya sanar cewa Kaka ya yi sabuwar magana ta bakin hawayenka. An liƙe kofin nan da dalma da ruwanka a ciki, an kifa masa nasa gilashin. Yanzu kififiya muke hawa, ita kaɗai, har abada. Tawa ta yi ƙoƙari, sai da ta yi rabin zango a kan rairayi kafin ta tsattsage."

Na sunkuya na ɗebi yashi a tafina, zan ce masa ya dubi wannan, ya dubi abin da ke gabansa yau, shi ne kawai abin da kaskon ke nema. Yaya Korau ya buge mini hannu da sandarsa, yashin ya zube.

Ya ce, "Kada ka ba shi komai da hannunka, Cindo. Gilashi za su kifa masa."

Hankurau bai ma gane ba. Ya buɗe jakarsa ya ce birni ne ya aiko shi da tukuici. Ya fito da alkyabba ya ce tawa ce, an naɗa ni Kaka na Biyu. Sannan ya fito da takalma na jar fata masu kyan ɗinki, ƙafa biyu, ya ajiye a gaban Yaya. Hankurau ya dubi inda ƙafar Yaya take a da, ya dubi takalman, bai ko ƙifta ido ba.

Ya ce, "Da ƙafa biyu ka shigo garinmu, a kan haka majalisa ta yanke. Ba a sauyawa."

Yaya ya jawo takalman. Ya ɗauki na dama ya sa, ya yi masa daidai. Ya ɗauki na hagu ya juya shi a hannu, ya miƙa wa Hankurau.

Ya ce, "Ka kai wa Sarkin Zubi. Ka ce ya ɗora a kan tsibin duwatsun nan naku. Ƙafar da za ta sa wannan takalmin ma ba ta sauya ba, a garinku ta kwana tana jira."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka juya muka bar sanƙira zaune da takalmi ɗaya a hannu, yana tambayar mutanen Tunga inda zai sami kififiyar komawa.